Filin Uwa Ma Ba Da Mama: Renon Ƴaƴa Cikin Bin Almasihu, Wuraren da Ƙafa Ke Zamewa

  

Wannan karon filin namu ya karkata ga gidajen Kirista, saboda matan zumunta da ke cikin ƙungiyoyinmu sun daɗe suna roƙon a taɓa zancen. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, tabarma ɗaya muke zama, Musulma da Kirista, akwati ɗaya muke zuba wa kuɗi. Don haka ƴan uwanmu Musulmi, kada ku juya shafi. Rabin abin da za mu faɗa ya shafi kowace uwa, sauran rabin kuma zai sa ku san abin da maƙwabciyarku ke fama da shi a cikin gidanta.

Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kirista a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ko a wurare irin su Galmi, inda asibitin mishan yake tun 1950, ko Danja da Tsibiri da Dogon Dutsi inda aka daɗe da sanin masu bi, ƴan tsiraru ne. Wannan yana nufin ɗanki na iya zama shi kaɗai ne Kirista a ajinsu, ɗiyarki ita kaɗai a bakin famfo. Gari ba zai koya musu addininsu ba. Abin da gida bai ba su ba, da wuya su tsince shi a hanya. Shi ya sa kuskuren da zai iya wucewa salin alin a wata ƙasa, a nan yakan bar tabo.

Barin aikin duka ga majami'a

Mako ɗaya awa 168 ne. Sujada da makarantar Lahadi, in an haɗa, da ƙyar su kai awa uku. Uwar da ta wanke yaro ranar Lahadi, ta sa masa riga mai kyau, ta miƙa shi ga malamar makarantar Lahadi, ta ce ta sauke nauyi, ta bar sauran awa 165 a hannun wa?

Mu dubi maƙwabtanmu. Yaro yana zuwa makarantar allo da safe ko da yamma, kusan kullum, yana kuma ganin ana salla sau biyar a gabansa. Ko bai so ba, abin yana shiga jikinsa. Wannan naciya abin koyi ce. Mun ma san ta a wurin adashi: wadda ke zuba dala ashirin kowane mako ba fashi, ranar rabo takan ba mai zuba jika sau ɗaya a wata uku mamaki.

Timoti, wanda Manzo Bulus ya rubuta wa wasiƙu biyu, ubansa Bahelene ne, kuma uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis ne aka yaba wa a kan bangaskiyar da ya taso ya tarar a gida. Wannan labari na matan da mazansu suka tafi cin rani ne, Kano ko Legas ko Libiya, da waɗanda mazansu ba sa bin hanya ɗaya da su, da gwauraye. Mace biyu sun isa su kafa yaro.

Abin ba ya buƙatar digiri. Bayan tuwon dare, kafin barci ya kwashe ƙanana, minti goma: labari ɗaya, tambaya ɗaya, addu'a gajera wadda yaro zai ji an ambaci sunansa a ciki. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Wadda ba ta iya karatu ba, akwai shi da murya, ana sa wa a katin waya, a tambayi fasto ko matasan majami'a. Wadda ke da ɗan lakwal kuwa, ta ba shi ya karanta wa gida. Da farko zai yi ta tuntuɓe, don yawancin karatunsa da Faransanci ne, haruffan ɓ da ɗ da ƙ za su ba shi wuya. A yi haƙuri da shi, wata biyu ya ishe shi ya saba, kuma riba biyu ke nan.

Baki ya faɗi ɗaya, hannu ya yi wani

A nan ne muke so mu daɗe, don a nan ne ɓarna ta fi yawa, kuma ta shafi ƙungiyoyinmu kai tsaye.

Mace ta ci rance, ranar biya ta zo, babu. Aka aiko mai ajiya ko wata daga cikin masu riƙe makulli. Uwa ta shige ƙuryar ɗaki, ta ce wa ɗiyarta mai shekara bakwai: “Je ki ce ba na nan.” Yarinya ta je ta faɗa. Jibi Lahadi, malama ta koya musu cewa ƙarya zunubi ce. To, wa za ta gaskata? Yarinya ba ta da wayon rarrabe ƙaramar ƙarya da babba. Abin da ta ɗauka shi ne: maganar Allah ta ranar Lahadi ce, ran Juma'a kuwa in an matsu sai a yi dabara. Ranar da ta kai shekara goma sha biyar ta ce miki ta tafi gidan ƙawarta alhali wani wuri ta nufa, darasinki ne take maimaitawa.

Ya fi sauƙi, ko da ya fi ciwo, a fito a ce: “Yaya, yau ba ni da shi, ku ba ni mako ɗaya, tarar ma na yarda.” Kunyar minti biyar ce. Yarinyar da ta ga uwarta ta yi haka ta ga yadda ake riƙe mutunci cikin rashi, kuma babu wa'azin da ya kai wannan shiga zuciya.

Haka tiyar da aka bubbuge gindinta don ta rage cin hatsi. Haka man gyaɗa da aka surka. Haka gulmar matar fasto da ake farawa tun ba a fita harabar majami'a ba, yara na biye suna ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai kuma wadda ba a cika faɗa a fili ba. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, uwa ta tsorata, wata tsohuwa ta ce iska ce, aka lallaɓa wurin boka ko ƴar bori da dare, aka dawo da laya aka ɗaura a ƙugu ƙarƙashin wando don kada mutanen majami'a su gani. Asara biyu ce. Yaro ya koyi cewa in abu ya yi tsanani Allah bai isa ba, sai an nemi mataimaki a ɓoye. Sannan an ɓata kwana biyu ko uku waɗanda a zazzaɓin cizon sauro su ne ke raba rai da mutuwa. A yi addu'a, a goyi yaro a nufi likita tun ranar farko. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina sun zo ƙofar gida don ƴan ƙasa da shekara biyar, a karɓa, a kuma cika kwana ukun da suka faɗa. Kuɗin taimako da muke warewa a akwati ai don irin wannan rana ne, ba abin kunya ba ne a nema.

Horo da huce haushi

Wasu da an yi zancen duka sai su ce ai littafin Karin Magana ya ambaci sanda. Gaskiya ne ya ambata. Amma a sura ta 6 ta wasiƙar Afisawa, inda aka umurci ƴaƴa da biyayya, nan take aka juya aka gargaɗi iyaye a kan tsokanar ƴaƴansu har su fusata. Ba a ɗaukar rabin magana a bar rabi.

Ga ma'auni mai sauƙi. In yaro ya fasa tulu ranar da ciniki ya yi kyau aka ce “ba komai”, ya fasa irinsa ranar da ƙosai ya yi kwantai aka yi masa dukan kawo wuƙa, to ba tulun aka hukunta ba, kwantan ne. Yaro mai irin wannan uwa ba ya koyon daidai da kuskure. Yana koyon karanta fuska, da ɓoye laifi, da ɗora wa ƙanensa. In ranki ya ɓaci, ki sha ruwa, ki gama abin da kike yi, sannan ki kira shi. Ki faɗa masa laifin da sunansa, hukunci ya yi daidai da girman laifin, in an gama kuma an gama, kada a tono shi bayan wata uku.

Harshe ya fi bulala daɗewa a jiki. “Ɗan banza”, “ba za ka yi albarka ba”, “kin gado halin dangin ubanki”: bakin da ya yi waƙar yabo da safe bai kamata ya zubo waɗannan da rana ba. Mu Hausawa mun yarda bakin uwa yana kama ɗa. In mun yarda da haka, me ya sa za a riƙa jifan su da mugun baki a kan ƙwaryar fura?

Kada kuma a mai da Allah dodo. “Allah zai ƙona ka” a kan ya lashi sukari, “Yesu ya yi fushi da kai” a kan ya yi fitsarin kwance. Yaron da aka rena haka, ranar da ya yi babban laifi na gaske ba zai nufi wurin Allah ba, gudu zai yi.

Ɗaya gefen ramin shi ne sangarta. Eli firist ne, ya ji abin da ƴaƴansa Hofni da Finehas ke yi da hadayun mutane da kuma matan da ke hidima, ya yi musu magana a sanyaye, bai tsayar da su ba. Labarin yana farkon littafin Sama'ila na fari, ƙarshensa kuma shi da su duka rana ɗaya suka mutu. Auta da ba a taɓa ce masa a'a ba, jikan da kaka ke ɓoyewa bayan zane duk lokacin da ya yi ɓarna, ɗan dattijon majami'a da kowa ke jin nauyin tsawata wa, duk hanyar nan ake sa su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan so da ɗan bora

Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu ta fi son Yakubu. Sakamakon, Yakubu ya gudu ya shekara ashirin a gidan kawunsa, kuma ba a rubuta cewa uwar ta sake sa shi a ido ba. Shi ma da ya girma ya maimaita, ya ɗinka wa Yusufu rigar da babu wanda ya samu irinta, har ƴan uwansa suka sayar da shi. Abu ne da ake gada.

A gidajenmu fifiko yana da fuskoki da yawa. Ɗan ciki ya tafi lakwal, ɗan riƙo ya tafi kiwo. Kayan Noel na wannan sabo, na wancan kwance. Namiji ya zauna da littafi, mace ta ɗauki faranti ta tafi talla. Akwai ma kunyar ɗan fari, al'adar da ke hana uwa kiran sunansa ko sakin fuska da shi a gaban mutane. Ba mu ce a yar da al'ada ba. Amma in ba za a nuna masa a tsakar gida ba, a nuna masa a ɗaki, ya ji da kunnensa cewa ana son sa. Akwai manyan mutane da furfura waɗanda har yau ba su tabbata ba.

Tsakanin tsoro da raini

Wata rana yaro zai dawo daga lakwal ko daga wasa da hawaye, an kira shi arne ko kafiri. Abin da uwa ta faɗa a wannan minti yana da nauyi.

Wata takan ce: “Ka yi shiru, kada ka sake gaya wa kowa kai Kirista ne.” Yaro ya ɗauka addininsa abin kunya ne kamar cutar da ake ɓoyewa. Wata kuma ta ce: “Rabu da su, su ne ɓatattu, kada in sake ganinka da su.” Yaro ya tashi da ƙiyayyar mutanen da zai zauna da su har tsufansa, waɗanda a cikinsu akwai kakarsa da kawunsa da gwaggonsa, tunda gidajen masu bi da yawa a ƙasar nan dangi ɗaya suke da Musulmi. Dukansu biyu sun cuci yaron.

Abin da ya fi shi ne a ba shi amsa gajera da zai iya faɗa ba da faɗa ba: “Ni Kirista ne, ina bauta wa Allah, ina bin Isa Almasihu.” A koya masa ya gaida malamin unguwa da ladabi, kada ya ratsa gaban mai salla, kada ya ci abu a fuskar abokinsa mai azumi don tsokana. In zagi ya yi yawa a aji, uwa ko uba su je su ga mushe cikin mutunci, ba su tura yaro ya rama ba. Naman Salla in ya shigo a yi godiya, ranar Noel kuma yaran su ne za su kai kwanuka gidajen maƙwabta da hannunsu.

Ba mu manta da ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Yaran da aka goya a lokacin yanzu sun yi wayo, suna tambaya. A faɗa musu gaskiya, amma a faɗe ta duka: an ƙona, an kuma samu Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Wanda ya ba ɗansa rabin farko kaɗai ya ɗora masa kayan da zai yi masa nauyi har ya mutu.

Shirun da ake kira kunya

Ƙididdigar UNICEF ta nuna kusan ƴan mata uku cikin huɗu a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Gidajen Kirista ba a wata ƙasa suke ba, iskar tana kaɗa su. Har ma akwai wani tsoro na daban: samarin majami'a kaɗan ne, sai uwa ta ga gara a ba wanda ya fara zuwa tun yarinya tana aji biyu na kwaleji, kada ta rasa, ko kada wani na waje ya riga. Auren da tsoro ya ɗaura, yarinya ce ke biyan kuɗinsa, wani lokaci a ɗakin haihuwa da ƙugun da bai gama ƙwari ba. Asibitin Danja ya san matan da yoyon fitsari ya kai can. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati da ta tsaya a kan kare karatun ɗiya mace. Mu riƙe ta.

Mafarin abin shiru ne. Yarinya ta fara al'ada ba wanda ya gaya mata komai, sai ƙawa. Yaro ya balaga, malaminsa wayar abokinsa. Ana tura budurwa talla har bayan isha'i a tasha, sannan a yi mamaki. In bakinki ya yi nauyi, ki nemi ƙanwarki ko wata dattijuwar zumunta mai riƙon asiri ta zauna da ita, amma a yi maganar tun kafin lokacin, ba bayan ciki ya fito ba.

Haka tambayoyin addini. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya ce: “Inna, abokaina sun ce mu Allah uku muke bauta wa, gaskiya ne?” Kada a rufe shi da tsawa. Toma ya yi shakka, ba a kore shi ba, an nuna masa. In ba ki da amsa ki ce: “Zo mu je mu tambayi fasto tare.” Yaron da aka hana tambaya a gida zai yi ta a waje, kuma zai samu mai amsa masa. Baftisma ma, a majami'un da ake jira sai mutum ya yi wayo, kada a tura yaro don tsararrakinsa sun yi ko don kada a ce ɗan wance ya makara.

In kuma duk da ƙoƙari ɗa ya bar hanya, ko ɗiya ta auri wanda ba a so, abin yana da ciwo, ba mu musa ba. Amma rufe ƙofa da cewa “ba ni ba ke” bai taɓa dawo da kowa ba. Uban da ke cikin misalin ɓataccen ɗa, a Luka sura ta 15, tun daga nesa ya hango nasa, don idonsa yana kan hanya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bangaskiya kuma ba gona ba ce da za a rubuta wa magaji. Namu shuka da ban ruwa, tsiro na Allah ne.

Abin da ƙungiya za ta iya

Ɗa na kowa ne. A taro na gaba, bayan an rufe akwati, a ɗauki minti goma a tattauna abu uku. Na fari, a yi alkawari ba wadda za ta sake aiken yaro da ƙarya a kan bashin ƙungiya, ƙungiya kuma ta sauƙaƙa wa wadda ta fito ta faɗi gaskiya. Na biyu, ranar rabo kowace ta fara cire kuɗin littattafai da kayan lakwal na watan Oktoba, na mata da na maza daidai, kafin a yi zancen anko da kayan ɗaki. Na uku, in aka ji za a cire ɗiyar wata daga lakwal don aure ko talla, mata biyu masu hankali su je su same ta a gida cikin sirri, su ji ko rashi ne, su ga abin da akwati zai iya.

Wadda ke da abin ƙarawa, ko ta ga mun bar wani wuri, ta faɗa wa shugabar ƙungiyarsu ta aiko mana. A fitowa ta gaba za mu duba zancen ƴaƴan riƙo da marayu, da haƙƙinsu a kan wanda ya ɗauke su. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu haƙurin renonsu. Sai mun sake saduwa.